Makamin da ba a gani: yadda cinikin kayan yaƙin lantarki ke gudana a duniya

Daga cikin makaman da Amurka ta bai wa Yukren tun 2022 akwai wani harsashin igwa mai suna Excalibur, wanda kuɗin ƙwaya ɗaya ya kai dala dubu 100. Tsadarsa ta samo asali ne daga ƙwaƙwalwar da ke cikinsa. Yana sauraron siginar tauraron ɗan'adam, wato GPS, ya gyara tafiyarsa a sama, ya je ya sauka inda aka saita shi daga nisan kilomita 40 ko kusa da haka. A watannin farko ya yi wa sojojin Rasha ɓarna ba kaɗan ba. Amma zuwa tsakiyar 2023, wani rahoton cikin gida na sojan Yukren da jaridun Amurka suka bankaɗo daga baya ya nuna cewa in an harba 10, da kyar ɗaya ke samun abin da aka nufa. Harsashin bai canza ba, masu harbin ma su ne dai. Rasha ce ta cika sararin fagen daga da hayaniyar rediyo har harsashin ya daina jin muryar tauraron da ke yi masa jagora. Ƙarshenta aka daina aika shi.

Wannan shi ake kira yaƙin lantarki, kuma kasuwarsa na cikin waɗanda suka fi saurin kumbura a harkar makamai a yau.

Kusan duk abin da soja na zamani ke taƙama da shi a kan igiyar rediyo yake tafiya. Oba-oba, rada mai hango jirage, makami mai linzami da ke neman sigina, jirgi maras matuƙi da mai sarrafa shi, agogon da ke haɗa lokacin na'urori, duk ta iska suke magana. To wanda ya iya shiga tsakaninsu ya gama da su ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba. Masu sana'ar sun kasa aikin gida uku. Akwai sauraro: ka kasa kunne ka gano wa ke magana, a wane zango, daga ina. Akwai kai hari: ko dai ka toshe siginar abokin gaba da hayaniyar da ta fi tasa ƙarfi, ko ka yaudare shi da sigina ta ƙarya. Sai kuma kariya, wato ka hana a yi maka abin da kake yi wa wani.

Dattawan da suka yi zamanin gajeren zango sun san toshewa. Tarayyar Sobiyet ta shafe shekaru tana watsa ƙara a kan mitocin BBC da Muryar Amurka don kada mutanenta su ji, ba ta daina ba sai 1987. Yaudara ta fi toshewa haɗari, domin wanda aka toshe ya san an toshe shi, wanda aka yaudara kuwa yana tafiya da ƙwarin gwiwa zuwa inda ba nan ba ne. Abin da ya sa GPS ya zama abin tausayi a wannan fage shi ne nisa. Taurarinsa suna shawagi ne a kilomita kusan 20,200 daga doron ƙasa, kafin siginar ta iso ta galabaita. Ƙaramar na'ura mai batir da ke kusa da kai sai ta danne ta.

Abin ba sabo ba ne. Ranar 15 ga Afrilun 1904, lokacin da jiragen ruwan Japan ke luguden wuta a kan tashar Port Arthur, masu aikin wayar iska na Rasha suka riƙa watsa hayaniya a kan zangon da Japanawa ke gyara saiti da shi. Har yau Rasha na bikin wannan rana a matsayin ranar ƙwararrun yaƙin lantarki. A Yulin 1943 jiragen Ingila suka zubar da tarin siraran takardun gwangwani a saman Hamburg, radar Jamus ta cika da jiragen ƙarya. A Yunin 1982 kuma, a kwarin Beka'a na Lebanon, Isra'ila ta tura jirage marasa matuƙa suka sa radar Siriya ta buɗe ido, aka gano inda take, aka toshe sadarwar matuƙan Siriya da ƙasa, aka kakkaɓo musu jirage sama da 80 cikin 'yan kwanaki. Daga wannan yaƙin ne manyan hafsoshin duniya suka fara ware wa abin kuɗi na haƙiƙa.

Nawa ne kuɗin da ke yawo a kasuwar? Kamfanonin da ke sayar da rahoton kasuwa sun sha bamban ƙwarai. Wasu sun ce bai wuce dala biliyan 11 a shekara ba, wasu sun kai shi kusan biliyan 20. Ni dai ba na ɗora nauyi a kan waɗannan alƙaluman, kuma da dalili. Yawancin kasafin wannan fanni sirri ne, Rasha da Sin ba sa bayyana nasu, sannan kaso mai tsoka na kayan a cikin farashin wani abu yake ɓoye. Wanda ya sayi jirgin yaƙin F-35 na Amurka ya sayi na'urar yaƙin lantarki ta kamfanin BAE Systems da ke cikinsa, wanda ya sayi Rafale na Faransa ya sayi tsarin SPECTRA na Thales da MBDA, amma a takarda jirgi aka saya. Ko an ɗauki adadi mafi girma, bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da duniya ke kashewa kan soja ba, wanda cibiyar SIPRI ta Siwidin ta ƙiyasta da dala biliyan 2,718 a 2024. Sai dai wannan ɗan kason shi ke yanke hukuncin ko sauran kashi 99 zai yi aiki.

A gaskiya kasuwa biyu ce a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma ba su ma cika gane yaren juna ba.

Ta sama ita ce ta manyan kamfanoni. A Amurka akwai RTX, Northrop Grumman, L3Harris, Lockheed Martin da reshen BAE Systems. A Turai akwai Thales, Leonardo, Saab, Hensoldt, Indra da Elettronica ta Italiya. Hajarsu irin su jirgin EA-18G Growler na Boeing ce, wanda babban aikinsa makantar da radar abokan gaba, kuma bayan Amurka ƙasar Ostireliya ce kaɗai ke da shi. Akwai EA-37B, jirgin alfarma na Gulfstream da aka fitar da kujerunsa aka cika shi da na'urori, Amurka na sayen 10. Jamus ta ware jiragen Eurofighter 15 za a mayar da su na wannan aiki da kayan Saab. A nan ciniki na tafiya da nawa. Sojan ruwan Amurka ya bai wa Raytheon, wanda yanzu reshen RTX ne, kwangilar sabuwar na'urar toshewa ta Growler a 2013, ba a ce ta shirya shiga aiki ba sai Disambar 2024. Shekara 11 ke nan. Ɗaya ɓangaren kwangilar ma ƙorafe-ƙorafe tsakanin L3Harris da Northrop Grumman suka riƙe shi shekaru.

Ta ƙasa kuwa a ramukan yaƙi na gabashin Yukren aka haife ta. A watan Mayun 2023 cibiyar nazarin tsaro ta RUSI da ke Landan ta ce Yukren na asarar jirage marasa matuƙa kusan 10,000 a wata, akasari saboda toshewa, kuma Rasha ta girke babbar na'ura a kusan kowane kilomita 10 na bakin daga. Sunayen kayan Rasha sun zama sanannu: Krasukha mai yaƙar rada, Zhitel da Pole-21 masu danne GPS, Leer-3 mai kutsawa cikin wayoyin hannu daga sama. Amma da ƙananan jirage masu kyamara, waɗanda kuɗin ɗaya bai wuce dala 400 zuwa 500 ba, suka fara farautar tankoki da mutum ɗaiɗai, sai manyan motocin toshewa suka kasa wadatarwa. Kowace mota, kowane rami, ya zama yana buƙatar tasa kariyar.

Kalli motar soja a kusa da garin Pokrovsk ko Kupyansk a gabashin Yukren. A kan rufinta akwai wasu ƙoƙuna uku ko huɗu na roba, kowanne da eriya a ciki, kowanne yana rufe zango guda. A baya akwai ƙarin batir, domin na'urar na shan wuta kuma tana zafi. A ƙirjin sojan da ke gaba akwai wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, suna ce masa Tsukorok, aikinsa ya yi ƙara in ya ji siginar jirgi na matsowa. Direba ba ya kunna na'urar toshewa sai ya shiga yankin haɗari, saboda duk mai toshewa yana shelar inda yake ne, masu sauraro na ɗaya ɓangaren kuma suna jira su miƙa wa 'yan igwa. Sannan in ya kunna ba da sanarwa ba, yana iya kayar da jirgin 'yan'uwansa da ke wucewa. Wannan matsalar ta kashe naka da hannunka ta addabi ɓangarorin biyu.

Ga inda cinikin ya bambanta da na sauran makamai. Bindigar AK-47 da aka ƙera shekara 50 da suka wuce tana harbi yau kamar jiya. Na'urar toshewa kuwa kayan gwari ce, kamar tumatir a kwando. Jiragen farko suna magana a kan zangunan da kowa ya sani na kasuwa, aka ƙera musu abin toshewa. Masu jirage suka sauya zango. Aka bi su. Suka sake sauka ƙasa, suka hau sama, suka koya wa jirgin tsalle daga wannan zango zuwa wancan. Na'urar da ta ceci rayuka a watan Maris tana iya zama nauyin banza a watan Yuni. Shi ya sa ƙananan kamfanonin Yukren irin su Kvertus, da ɗimbin waɗanda suka taso ta dandalin Brave1 da gwamnati ta buɗe a Afrilun 2023, suka fi wasu manyan Turai amfani a fagen. Injiniyansu na samun ƙorafi daga bakin daga da safe, ya gyara manhaja, kafin mako ya zagayo an tura gyaran.

Haka abin yake a kan jiragen Shahed da Iran ta ƙirƙira, Rasha ke ƙerawa da sunan Geran. Yukren ta riƙa yaudararsu da GPS na ƙarya, wasu su ɓace, wasu su faɗa Belarus. Rasha ta sa musu eriya mai suna Kometa wadda ke gane inda hayaniya ke fitowa ta toshe kunnenta ta wannan ɓangaren. Ta fara da mai ido 4, aka ƙara yawan masu toshewa, ta koma 8, daga baya 12 har 16. Kowane ƙari a nan sabon oda ne a can.

Sai kuma a 2024 aka zo da abin da ya ba kowa mamaki don sauƙinsa. A yankinta na Kursk, Rasha ta fara amfani da jirgi maras matuƙi da ke ɗauke da ƙullin zaren gilashi, siriri kamar gashi, yana warware shi yana tafiya, kilomita 10, 20, wani ma fiye. Umarni da hoto duk ta cikin zaren suke bi. Ba ya fitar da sigina, don haka ba a jin zuwansa, ba kuma abin da za a toshe. Yukren ta kwaikwaya nan da nan. Yanzu akwai gonaki da dazuzzukan da zare ya lulluɓe, sojoji kuma sun koma kafa raga a kan hanyoyi da riƙe bindigar harbin tsuntsaye. Wasu sun yi saurin cewa kasuwar toshewa ta mutu. Ba ta mutu ba. Zaren na da nauyi, yana sarƙewa, yana tsinkewa, kuma ba za a ɗaura wa makami mai linzami mai cin dogon zango ko jirgin yaƙi zare ba. Abin da ya faru shi ne kuɗi sun fara karkata zuwa gano jirgi ta sauti da ƙaramar rada, da makaman da ke ƙona kayan lantarkin jirgi da ƙarfin igiya, irin wanda kamfanin Epirus na Amurka ke yi, da kuma jiragen da ke gane abin hari da idonsu ba tare da jiran umarni ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da mai saye ya kamata ya fi damuwa da shi, wanda kuma ba a cika faɗa a wajen baje koli ba. Akwatin ƙarfen da ake nunawa rabin haja ne. Ɗaya rabin shi ne kundin da ke cikinsa, wanda ya ƙunshi siffar kowace rada da kowane makami: zangonsa, yadda yake bugawa, yadda yake sauyawa in ya kama abin hari. Da wannan kundin ne jirgi ke gane cewa siginar da ta taɓa shi ta filin jirgin sama ce ko ta makamin da ke shirin kakkaɓo shi. Tara shi na buƙatar shekaru na leƙen asiri da jirage da taurari da jiragen ruwa. Ƙasashe kan sayar da akwatin, amma suna riƙe kundin.

Misali mafi bayyana shi ne F-35. Kundinsa a sansanin Eglin da ke jihar Florida ake haɗa shi. Ko Birtaniya da Ostireliya, manyan aminan Amurka, ɗakin gwajin nasu a can cikin sansanin yake. Isra'ila ce ta samu sassaucin ɗora wasu kayanta a kan nata. Da aka tashi bai wa Yukren jiragen F-16 a 2024, rundunar da ke Eglin ɗin ce ta sake tsara musu na'urorin kariya. Ita kuwa Turkiyya, a 2019 aka cire ta daga shirin F-35 gaba ɗaya saboda ta sayi makamin kariyar sama na S-400 daga Rasha, bisa fargabar cewa radar Rasha za ta zauna kusa da jirgin tana nazarin siffarsa. Saboda wannan ne ma wani yanki na Krasukha-4 da sojojin Rasha suka bari kusa da Kiev a Maris 2022 ya fi tankoki da yawa daraja a idon masu leƙen asirin Yamma. A ganina, duk ƙasar da ta sayi irin wannan kaya ba ta da ikon buɗe kundin ta gyara da kanta, haya take yi ko da ta biya kuɗin saye.

Wannan ƙullin ne ya buɗe wa sababbin 'yan kasuwa ƙofa. Turkiyya ta kafa kamfanin Aselsan a 1975, bayan Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin makamai kan rikicin Kubrus, ta ga sojanta ko oba-oba ba ya iya samu sai da izinin wani. Yau Aselsan ke ƙera Koral, motar toshe rada da aka yi amfani da ita a iyakar Siriya, kuma yana tallar kayansa a Afirka da Asiya da sharuɗɗan da suka fi na Amurka sauƙi. Isra'ila na da Elbit da Elta da Rafael, waɗanda babban tallansu shi ne an gwada kayan a yaƙi. Sin na da katafaren kamfanin gwamnati CETC, ta kuma nuna jirginta na yaƙin lantarki J-16D a baje kolin Zhuhai a 2021. Indiya na dogaro da Bharat Electronics. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ke da tsohuwar ƙwarewa, a kewayen Pretoria, sai dai manyan kamfanonin biyu yanzu rassan Saab da Hensoldt ne. Rasha, wadda da ita ce mai araha, yaƙi ya cinye abin da take ƙerawa, takunkumi kuma ya sa sayen kayanta ya zama jan magana.

Akwai wani ƙarfe da kusan dukkansu ke buƙata, galiyom. Da shi ake yin ƙwayoyin da ke ba sababbin rada da na'urorin toshewa ƙarfi ba tare da sun narke ba. Sin ce ke samar da kusan kashi 98 cikin 100 na ɗanyensa a duniya. A Agustan 2023 ta fara neman lasisi kafin a fitar da shi, a Disambar 2024 ta hana sayar wa Amurka, daga baya ta sassauta bayan tattaunawa.

Farar hula ma sun shiga ciki ba da shawararsu ba, domin igiyar rediyo ba ta san iyakar ƙasa ba. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na Estoniya har wata guda, saboda jiragensa sun kasa sauka da GPS. Bayan Oktoban 2023, mazauna Haifa da Tel Aviv a Isra'ila sun sha buɗe taswirar waya su ga an ajiye su a filin jirgin saman Beirut. Jirgin fasinjan Azabaijan da ya faɗi kusa da Aktau a Kazakistan ranar 25 ga Disambar 2024, mutum 38 suka rasu, ya fara rasa GPS ne a saman birnin Grozny na Rasha kafin makamin kariyar sama na Rasha ya same shi. Wannan ya haifar da wata kasuwar a gefe: kamfanonin jiragen sama da na ruwa, filayen jirage, matatun mai da gidajen yari duk sun zama masu saye. Kamfanin DroneShield na Ostireliya, mai ƙera bindigar toshewa da ake saɓawa a kafaɗa, da irin wannan ciniki da na soja ya tashi daga ƙaramin kamfani.

Mu ma a Sahel abin ya ƙwanƙwasa ƙofa. A ƙarshen Disambar 2024 mayaƙan ISWAP sun kai hari da jirage marasa matuƙa masu ɗauke da bam a sansanin soja na Wajiroko da ke ƙaramar hukumar Damboa a Borno. Ƙungiyar JNIM na yin haka a Mali da Burkina Faso. A Sudan, dakarun RSF sun kai wa Port Sudan hari da jirage a Mayun 2025, garin da a da ake ganin yaƙin ba zai kai gare shi ba. Irin jiragen da 'yan ta'adda ke amfani da su a tafkin Chadi na kasuwa ne, waɗanda ake ɗaukar hoton biki da su, kuma a yanzu na'ura mai sauƙin kuɗi tana iya kayar da su. Amma duk dabarar da aka gano a Yukren tana yawo a intanet, ƙullin zaren gilashi kuma ana sayar da shi a fili.

Mun riga mun ɗanɗana mafi ɗanyen nau'in wannan yaƙi. A 2013 an kashe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. A Satumban 2021 aka kashe na Zamfara, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda ya zauna a Gusau a lokacin ya san yadda mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi, yayin da 'yan bindiga na kusa da iyaka suka koma kan layukan Nijar da oba-oba. Rasha ma, duk da kayanta, ta koma kashe intanet na waya a yankuna da dama bayan harin 1 ga Yunin 2025, da Yukren ta sarrafa jirage 117 ta kan layukan wayar Rasha ta ƙona mata jiragen yaƙi a sansanoninsu. Kashe layin jiha guda abu ne da ake yi in ba a iya ware wayar mutum ɗaya a cikin dubu a bi ta ba. Wannan warewar, wato kayan sauraro da mutanen da suka iya karanta abin da aka saurara, ita ce ta fi tsada a kasuwar, kuma ita ce 'yan kwangila ba sa son kawowa, domin horar da injiniya na ɗaukar shekaru, kwantenar akwatuna kuwa wata uku ta iso tashar Legas.